Yadda Ake Zaɓen Ma'ajiyar Hotuna da Manhajar Gyara ga Mai Ɗaukar Hoton Abinci

Don nishaɗi na fara ɗaukar hoton girkina, har masu biki suka soma cewa in turo musu samfurin dubulan da alkaki kafin su kawo aiki. Ban taɓa mallakar kyamara ba, da waya nake komai. Ana saura kwana uku sallah, a cunkoson kasuwa, aka zare min wayar daga jaka, ta tafi da aikin shekara ɗaya da rabi. Abin da ya rage min sai kwafin da na taɓa tura wa mutane a hira. Na roƙi wata ƙawata ta dawo min da hoton tiren alkakin da na fi so, na kai wa mai buga fosta. Da ya buɗe a kwamfuta ya ƙara masa girma, sai naɗin alkakin nan da na raba dare ina yi ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya, sheƙin zumar ya koma wasu 'yan akwatuna-akwatuna. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan ko katin gayyata ba zai yi ba." Daga ranar na zauna na koyi abin da zan faɗa miki yanzu.

Da "ki" zan yi magana don mu mata muka fi yawa a harkar. Mai tsire da mai shayi su karanta da "ka", aikin ɗaya ne.

Kayan da za ki tanada

- Waya mai kyamara. Tecno, Infinix, Redmi, Samsung ko iPhone, duk wadda ke hannunki ta isa, muddin akwai sararin giga 2 a cikinta.
- Imel ɗin da ke kika buɗe, kike kuma tuna kalmar sirrinsa, da layin waya mai rajista da sunanki. Idan yaron shagon da ya saita miki waya ne ya buɗe miki, ki canja kalmar sirrin yau.
- Data kamar giga 1 don gwaji. In kina da inda kike samun Wi-Fi, ko kina sayen datar dare mai rahusa, ya fi.
- Wayar wani a gida ko kwamfuta, aron minti goma.
- Filash ko katin memori, da 'yar mahaɗar OTG da ke haɗa filash da waya.
- Farar takarda, farin kwali, da tsumma mai laushi na goge idon kyamara.
- Abinci kala huɗu, zan faɗe su a mataki na 2.
- Biro da littafi, don za ki rubuta lambobi.

Abin da ya kamata ki gane tukuna

Aiki uku ne mutane ke cakuɗawa su ɗauka ɗaya ne. Akwai rumbu, inda asalin hoto ke zaune yadda kyamara ta ɗauke shi. Akwai madafi, inda ake gyara haske da kala. Akwai tire, inda ake jera wa baƙi su gani. Instagram da Facebook da sitatus ɗin WhatsApp duk tire ne. Matse hoto suke yi don ya buɗe da sauri. Fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, megafiksel kuma fiksel miliyan ɗaya ne. Wayar da ke ɗaukar megafiksel 12 tana ba da hoto mai fiksel 4000 a tsawo, Instagram kuwa ya saba rage faɗinsa zuwa 1080. Abin da aka zubar wajen matsewar ba ya dawowa. Kamfanoni da dama na tallar cewa ukun duka suna yi, ni dai ban ga wanda ya iya su yadda nake so ba. Shi ya sa nake zaɓen kowanne daban, kuma da rumbu nake farawa.

Mataki na 1: Auna hatsinki kafin ki gina rumbu

Buɗe hoton abinci guda biyar a wayarki, ki shiga bayanin kowanne ki ga nauyinsa. Galibi za ki tarar da megabait 2 zuwa 4. In kin kunna yanayin megafiksel 50 ko sama, zai ninka wannan sau uku ko fiye.

Sai lissafi. A ce kina ɗaukar hoto 30 a kan kowane kwano, don haka muke yi, a juya faranti, a matsar da cokali, a sake ɗauka. A ce kala uku a mako. Hoto 90 ke nan, sau megabait 3, ya zama 270 a mako, wajen giga 14 a shekara. Idan kuwa kika zauna bayan kowane girki kika zaɓi 5 masu kyau kika goge sauran, lissafin shekara bai kai giga 3 ba. Kin ga tankaɗe ya fi kowane irin biyan kuɗi araha. Bidiyo ne mai haɗama, minti ɗaya kan iya cinye abin da hoto 30 za su ci. In kina ɗaukar bidiyon suya da tafasa, ki yi masa lissafinsa daban.

Rubuta adadin da kika samu na shekara. Da shi za ki je ciniki.

Mataki na 2: Haɗa hotunan gwaji

Kada ki yarda da hotunan da ke tallar manhaja. Da kek da 'ya'yan itatuwa masu sheƙi suke talla, abubuwan da ko da makauniyar waya aka ɗauke su za su yi kyau. Abincinmu ya fi wuyar sha'ani. Ki ɗauki waɗannan huɗun:

Tuwon shinkafa ko sinasir a farin faranti. Fari a kan fari shi ke nuna ko manhaja na iya dawo da abin da haske ya wanke.

Miyar kuka ko karkashi. Kala ce tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, in an kuskure kaɗan sai ta koma kamar taɓo.

Dafa-duka ko alala mai manja. Ja da ruwan lemo ne suka fi saurin zarcewa su zama kamar fenti.

Dambun nama. Siraran zarensa su ke fara narkewa idan an matse hoto.

Ki ɗauke su da rana, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, ba a tsakiyar rana ba. Kashe ƙwan ɗaki, kashe filashin kyamara, kashe duk wani abin ƙawata hoto da wayar ke kunnawa da kanta. Goge idon kyamara, don wayar da ke zama a kicin ba ta rabuwa da maiƙo, kuma rabin hotunan da ake cewa sun yi hazo maiƙo ne kawai. Jingine farin kwali a gefen da ba taga don ya mayar da haske kan inuwa. In babu kwali, farin mayafi ko murfin kula mai haske ya wadatar. A kowane hoto ki sa 'yar farar takarda a gefe, inda za ki iya yankewa daga baya. Sannan ki ƙara ɗaya na miyar kuka da gangan da daddare ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya, don a watan azumi yawancin hotunanki haka za su kasance, kayan buɗa-baki ba sa jiran rana.

Rubuta nauyin kowane hoto da yawan fiksel ɗinsa a littafi.

Mataki na 3: Zagaya rumbunan da ke akwai

Google Photos. Ga mai Android shi ne mafi kusa. Kyautarsa giga 15 ce, amma tarayya ake yi da Gmail da Google Drive, kuma tun 2024 ajiyar hirar WhatsApp ta masu Android ita ma daga cikin wannan kason take ci. Wannan ne ke ba mutane mamaki, ka ji ana cewa hotona kaɗan ne amma an ce wuri ya cika. In ya cika kuwa, har imel ya daina shigowa. Yana da zaɓi biyu: ya adana asalin hoto, ko ya ɗan matse shi kada ya wuce megafiksel 16. Abin da nake so da shi shi ne bincike. In kika rubuta wa hoto bayani, misali "funkaso, bikin Zariya", bayan shekara biyu kina rubuta funkaso zai fito. Shi da kansa ya gane abinci ne, amma kada ki sa ran zai bambance miki masa da sinasir.

iCloud. Na masu iPhone ne, kyautarsa giga 5, kuma ajiyar wayar gaba ɗaya a ciki take zama, don haka ba ya jimawa ya cika. Ki kuma sani iPhone na adana hoto da samfurin HEIC, wanda wasu tsofaffin kwamfutocin shagon buga hoto ba sa buɗewa. A saitin kyamara akwai inda za ki mayar da ita ta riƙa ɗaukar JPEG.

OneDrive da Dropbox. Na farko giga 5, na biyu giga 2. Kamar kabad suke, abin da kika sa shi za ki ɗauko, ba matsi ba ƙawa. Suna da daɗi wajen tura wa mai buga fosta jaka guda ta hotuna, amma kyautar ta yi kaɗan a ce nan ne babban rumbu.

Flickr. Wannan dandalin masu son ɗaukar hoto ne. Asusun kyauta na ɗaukar hoto 1,000, kuma 50 kawai za ki iya ɓoyewa, sauran a bainar jama'a suke. Amfaninsa shi ne koyo: akwai rukunonin masu hoton abinci, kuma a ƙasan hotuna da yawa za ki ga irin kyamara da saitin da aka yi amfani da su. Yana kuma ba ki damar bayyana ko kin yarda a yi amfani da hotonki ko ba ki yarda ba. Makaranta da tire na ɗauke shi, ban taɓa ba shi amanar asalin hotuna ba.

Telegram. Na san da yawa na tura wa kansu hotuna a nan don ba a biyan komai. Yana yi, da sharaɗi biyu: ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse, kuma ki tuna asusun a ɗaure yake da layin waya, yana kuma goge kansa idan aka daɗe ba a shiga ba. A matsayin ajiya ta biyu ba laifi.

Ki zaɓi biyu daga ciki da suka dace da lissafinki na mataki na 1, su za ki gwada. Ga mai Android da ke farawa, Google Photos da ɗaya daga masu kama da kabad nake ba da shawara.

Mataki na 4: Gwada ƙofar fita kafin ki tare

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, ni kuma shi na fi ba muhimmanci. Ɗora hotunan gwaji biyar ɗin nan a kowane rumbu. Ɗauki wayar aro ko kwamfuta, shiga asusunki daga can, ki sauke su. Kwatanta nauyi da fiksel da abin da ke littafinki. In dambun naman da ya shiga da megabait 3.4 ya fito da 3.4, rumbu ya riƙe amana. In ya fito da kilobait 600, an taɓa shi. Buɗe shi, ki ƙara girma da yatsu biyu har zaren naman ya cika fuskar waya, ki ajiye kusa da na asali. Gani ya kori ji. Da kin gama ki fita daga asusun a wayar aron, kada ki manta.

Sai ki nemo yadda ake kwashe kaya gaba ɗaya. Google na da shafin Takeout da ke ɗaure miki duk hotunanki a manyan ƙunshi ki sauke. Duk ma'ajiyar da sai ɗaya-bayan-ɗaya za ki sauke hoto dubu, ki bar musu kayansu.

Dalilin wannan naci shi ne duk ma'ajiyar hotuna ta intanet gidan haya ce, kuma mai gida na canja magana. Google ya rufe Picasa, tsohuwar ma'ajiyar hotunansa, a 2016. A 2017 Photobucket, wani shafin ajiye hotuna, ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka sai ya biya dala 399 a shekara, dare ɗaya hotuna suka ɓace daga shafukan mutane bila adadin. Flickr da ke ba da terabait guda (giga 1,000) kyauta ya dawo hoto 1,000 a farkon 2019, bayan kamfanin SmugMug ya saye shi. Google Photos da kansa yana ba da ajiya mara iyaka ga hotunan da aka ɗan matse, ya daina daga 1 ga Yuni 2021. Babu wanda ya yi haramun a cikinsu, kasuwa ce. Ke dai ki tabbatar kayanki a ɗaure suke yadda ko gobe aka ce tashi, za ki iya.

Mataki na 5: Saita rumbun da kika zaɓa

Ingancin ajiya. In lissafinki bai wuce giga 3 ko 4 a shekara ba, zaɓi asalin hoto. In wuri na damunki kuma wayarki megafiksel 12 take ɗauka, zaɓin matsi na Google bai cika yin ɓarnar da ido zai gani ba, amma gwajin dambun nama ne zai yanke miki hukunci, ba ni ba.

Data. Ki hana shi ɗorawa da datar waya sai kin ba da izini, ko ki ƙayyade masa abin da zai ci a rana. In ba haka ba, ki sa data da safe, kafin azahar ta ƙare ba ki san inda ta bi ba. Wadda ba ta da Wi-Fi, ta ware dare ɗaya a mako, ta sa waya a caji, ta buɗe masa ƙofa, da safe ta rufe.

Jakunkuna. Ki bar shi ya ɗauki jakar kyamara da jakar da manhajar gyara ke ajiyewa kawai. Kada ki kunna masa jakar hotunan WhatsApp, in ba so kike rumbunki ya cika da barka da Juma'a da katin ɗaurin aure ba.

Wuri. Wayoyi na liƙa wa hoto bayanin daidai inda aka ɗauke shi. Kicin ɗinki cikin gidanki yake. Ki kashe wannan a saitin kyamara, musamman in za ki riƙa tura asalin fayil ga wanda ba ki sani ba.

Tsaro. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an turo miki wasu lambobi a waya kafin a shiga asusun, ki sa lambar wayar da ba za ki yar ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sake sayar da shi ga wani. Google ma ya sanar cewa asusun da ya yi shekara 2 ba a shiga ba ana iya goge shi.

Ga babban gargaɗi. Google Photos da iCloud madubin wayarki ne. In kika goge hoto daga cikin manhajar, ya gogu a waya, ya gogu a sama. Na taɓa yin wannan wautar da hannuna, ina murna na sama wa waya sarari, ashe rumbun nake sharewa. Allah ya taimake ni na farga da wuri, na tarar da su a kwandon shara. A Google kwandon na riƙe abin da aka riga aka ɗora kwana 60, a iCloud kwana 30. In sarari kike nema a waya, yi amfani da maɓallin Google Photos da aka rubuta wa "Free up space", shi ne ke cire na waya ya bar na sama.

Mataki na 6: Zaɓi madafi

Abu biyar nake nema a manhajar gyara: ta iya daidaita fari, ta iya taɓa haske da inuwa kowanne daban, ta iya gyara wani sashe na hoto ba tare da sauran ba, ta bar asalin hoto yadda yake ta fitar da kwafi, kuma kada ta manna tambarinta a kan abincina. Na shida, in an samu, ta yi aiki ba data.

Snapseed ta Google ta cika duka, kyauta ce, ba talla. Da ita nake cewa kowa ya fara. Lightroom ta waya, ta kamfanin Adobe, ta fi ta a abu ɗaya: tana ba ki damar kama kala guda, a ce ja, ki rage ƙarfinsa ba tare da taɓa koren latas ba, kuma wannan a ɓangaren kyauta yake. Gyaran sashe da goge tabo kuwa sai an biya. Canva ba ta gyaran kala ba ce sosai, ta rubutu ce da jera farashi da fosta. Photopea a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, take aiki ba sai an sauke ba, ta fi dacewa da mai kwamfuta da ke son irin aikin Photoshop. In wayarki ba ta da sararin sabuwar manhaja, abin gyaran da ke cikin Google Photos ya isa yanka da daidaita haske.

Kada ki sauke waɗanda ake turawa a rukuni wai an fasa su komai ya zama kyauta. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinki ce.

Yanzu gwaji. Buɗe hoton nan na dare, mai miyar kuka ƙarƙashin ƙwai mai rawaya, ki bi wannan jeri:

Da farko yanka da miƙe hoto, amma ki bar farar takardar tukuna. Nemi "White Balance", ɗauki 'yar alamar ɗigo ki ɗora kan takardar. Nan take za ki ga rawayar ta janye, farantin ya koma fari, miyar ta tashi daga kalar taɓo ta dawo korenta mai duhu. Wannan taɓawa ɗaya ita ce rabin aikin. In kin manta takarda, farin faranti ko tuwon ma ya yi. Ki lura kada ki wuce gona da iri, abinci in ya karkata zuwa shuɗi sai ya yi kama da wanda ya kwana. Gara ki bar masa 'yar rawaya kaɗan.

Sai haske. Rage wuraren da suka yi ƙal har sai kin ga sawun mara a jikin tuwo. Ɗaga inuwa kaɗan har naman da ke cikin miya ya bayyana. In tuwon ya wanke fes babu abin da ya dawo, ba laifin manhaja ba ne, tun wajen ɗauka aka rasa shi. Gobe ki taɓa tuwon a fuskar waya ki ja hasken ƙasa kafin ki danna.

Sai gyaran sashe. A Snapseed sunansa "Selective". Ɗora ɗigo kan miya, ki ƙara mata haske ita kaɗai. Ɗigon miya da ya ɓata bakin faranti kuma "Healing" ke share shi, ko da yake tsumma kafin ɗauka ya fi sauƙi.

Kala ce ta ƙarshe, kuma a nan ake yawan ɓata rawa da tsalle. Hannu na ƙaiƙayin ƙara ta. A hoton dafa-duka, wayoyinmu sun riga sun ƙara ja tun wajen ɗauka, sau da yawa ragewa ake yi. In ƙwayoyin shinkafa suka daina rabuwa suka zama jan shimfiɗa ɗaya, kin zarce. Kaifi ma haka, ɗan kaɗan ya fito da zaren dambu, da yawa ya sa shi kamar soson ƙarfe.

Ki danne hoton da yatsa ki ga yadda yake da, ki saki ki ga yanzu. Ma'aunina shi ne in mai oda ta buɗe kula ta kalli waya, kada ta ga bambancin da zai sa ta kira ni. Duk manhajar da ta kai ki nan cikin minti uku, ita ce taki. Adana wannan gyaran a matsayin salo, duka Snapseed da Lightroom na yi, don hotunan da kika ɗauka a taga ɗaya su riƙa fitowa iri ɗaya. Salon dare daban, na rana daban.

Mataki na 7: Fitarwa da jerawa a tire

Shiga saitin manhajar ki sa ta fitar da JPEG a inganci mafi girma, kada ta rage fiksel. Wannan kwafin shi ma rumbu za shi, kusa da na asali. Daga shi ne za ki yanka na tire: fiksel 1080 da 1350 don Instagram, 1080 da 1920 don sitatus. Bar sarari a gefen faranti tun wajen ɗauka, don yanka ya samu abin ci.

In don bugawa ne, lissafin ɗigo 300 a kowane inci ake yi. Takardar A4 na son fiksel 2480 da 3508, hoton megafiksel 12 ya wadatar. Mai faɗin 1080 kuwa wajen santimita 9 ne kawai. Shi ya sa mai buga fosta ya mayar da ni. Tura masa ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Zaɓin HD da suka ƙara a 2023 ya fi na da, amma shi ma yana matsewa.

Satar hoto ruwan dare ce, za ki ga cincin ɗinki a shafin wata tana karɓar oda da shi. Sa sunanki ƙarami, kusa da faranti ko a bakin tire inda yankewa zai ɓata hoton, ba a lungu ba. Kada ki shimfiɗa shi a tsakiyar abinci. Kuma a kwafin tire kawai, na rumbu ya zauna ba rubutu, don suna da lamba na canjawa. Asalin hoton da ke rumbu, mai kwanan wata da cikakken girma, shi ne shaidarki in gardama ta taso. Ki kuma sani, ɗora hoto a Instagram ko Facebook bai raba ki da mallakarsa ba, amma a sharuɗɗan da kika amince da su kin ba su izinin amfani da shi ba tare da biya ba.

Mataki na 8: Ajiya ta biyu, da maganar biyan kuɗi

Ƙarshen kowane wata ki haɗa filash da waya ki kwafe hotunan watan. Raɗa wa jakar suna da shekara a gaba, kamar "2025-03 azumi", don su jeru da kansu. Ajiye filashin a ɗaki, nesa da zafin kicin, ba a jakar da waya ke ciki ba. Ki yi hattara da memori na bogi da ake rubuta wa babban adadi alhali cikinsa ƙarami ne. Gwajinsa sauƙi ne: cika shi da bidiyo, ki cire, ki mayar, ki buɗe na farko da na ƙarshe. In babu filash, ma'ajiya ta biyu da kika gwada a mataki na 4 ta riƙe zaɓaɓɓun hotuna, ko da guda 20 ne a wata.

Biyan kuɗi kuwa, kada ki fara da shi. Sai kin tankaɗe, kin fitar da tarkace, kin ga kyautar ta kusa cika da hotunan da kike buƙata da gaske. Google One, wato tsarin biyan kuɗi na Google, yana da na giga 100, iCloud kuma yana da na giga 50. Fara da wata ɗaya ki ga ko katinki na wucewa, don ba kowane katin naira ke biyan kamfanonin waje a kowane lokaci ba, kuma farashin kan motsa. In biya ya tsaya alhali kin wuce kason kyauta, ba a take za a goge kayanki ba, amma sabon hoto ya daina hawa. Gwajin kyauta na kwana bakwai da manhajojin gyara ke tallatawa yana neman lambar kati, ranar takwas a cire kuɗi. In kin shiga, sa ƙararrawa a waya ranar ta biyar, ki je wurin biyan kuɗi na Play Store ko App Store ki soke daga can, don cire manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar.